Cire Kuraje da Tabo a Hoto Ba Tare da An Ɓata Fuskar Mai Shi Ba

Duk wanda ya zauna a shagon hoto a Katsina cikin makon da ya biyo bayan Sallah ya san irin aikin da ke taruwa a kan tebur: hotunan yara da sababbin ɗinkuna, da na amare da angwayen da aka ɗaura wa aure bayan azumi, da na mahayan da aka ɗauka a filin Kangiwa ranar hawa, kuma kusan kowane mai hoto yana da abin da yake so a cire masa. Wannan ƙurji ne ya fito masa a goshi daren Sallah, waccan zufa ce ta ɓata mata hoda, wancan kuma leɓensa ne ya bushe ya tsage. Cire irin waɗannan abubuwa ba shi da wuya idan an san hanyarsa, amma sauƙin nasa ne ke jawo ɓarna, domin hannun da ya iya goge ƙurji ɗaya cikin daƙiƙa biyu ba ya son tsayawa, sai ya bi fuskar gaba ɗaya ya shafe ta har ta koma kamar ta 'yartsana.

Saboda haka, kafin a taɓa maus, ya kamata mai gyara ya raba abin da ke kan fuska gida uku. Akwai abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu ko uku, kamar ƙurji, da cizon sauro, da yankan reza na wurin aski, da ɓawon leɓe, da burbushin kwallin da ya zubo a kumatu. Wannan cire shi ake yi baki ɗaya ba tare da neman shawara ba. Akwai abin da ya daɗe amma ba da shi aka san mutum ba, kamar baƙin tabon da kuraje ke bari a fatarmu har tsawon watanni, da kyasbi, da duhun ƙarƙashin ido; wannan rage shi ake yi. Sai kaso na uku, wanda shi ne mutumin kansa: tsagar gado, da bille, da tawadar Allah, da tabon sallah a goshi, da wushirya, da layukan tsufa. Wannan ba a taɓa shi sai mai hoton ya buɗe baki ya nema.

Na koyi darajar kaso na ukun nan ta hanya mai tsada. Shekarun baya wani bawan Allah ya kawo hoton mahaifiyarsa daga wani ƙauye na ƙasar Daura, yana so a wanke shi babba a sa a firam. Ni kuwa a lokacin sabon hannu ne, ina ɗokin nuna gwaninta, sai na bi tsagar da ke kumatunta na goge ta tas. Da ya zo karɓa ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ajiye shi a kan kanta ya ce, "Malam, aikinka ya yi kyau, amma wannan ba Inna ba ce." Na sake aikin, na sake biyan kuɗin wanki daga aljihuna, kuma abin da ya cece ni kawai shi ne asalin hoton yana nan ban taɓa shi ba.

Kayan aiki da wurin zama

Manhajar da aka fi samu a shagunan hoto ita ce Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe kuma ya fitar da ita kasuwa a 1990. Burushin warkarwa, wanda shi ne ginshiƙin wannan aiki, ya shigo cikinta a 2002 tare da fitowa ta bakwai, ƙaninsa mai aiki da dannawa ɗaya ya biyo baya a 2005, sannan a 2010 aka ƙara mata dabarar nazarin abin da ke kewaye da wuri kafin ta cike shi. Na kawo waɗannan shekaru ne don mai tsohuwar kwamfuta ya kwantar da hankalinsa, domin duk abin da za a bayyana a nan ana iya yin sa da Photoshop ɗin da ta haura shekara goma. Tun 2013 Adobe ta koma tsarin biyan kuɗin haya, wanda ke da nauyi ga mai samun kuɗinsa da naira, don haka wanda ba shi da hali yana iya ɗaukar GIMP, wadda kyauta ce, ko ya buɗe Photopea a burauza, wadda tsarinta da maɓallanta suka yi kama da na Photoshop ƙwarai. Bayanin da ke tafe na Photoshop ne a kan Windows, kuma zan riƙa ambaton siffar kowane kayan aiki da harafin da ke kiran sa a kibod, inda GIMP ta bambanta kuma zan faɗa.

Wurin zama ma yana cikin kayan aiki. Allon da ke fuskantar ƙofar shago, rana na dukan sa, ƙarya yake yi wa ido, haka kuma allon da aka ƙure wa haske yana nuna hoto fes, idan an wanke sai ya fito da duhu. A juya tebur ya ba ƙofa gefe, a rage hasken allo zuwa matsakaici, a kuma goge shi, domin a lokacin hunturu na sha bin ƙurar da ke kan allo da burushi ina zaton tabo ne a fuska.

Shiri kafin a taɓa fuska

Matakin farko shi ne kare asalin hoto. Ka kwafe shi daga katin kyamara zuwa folda ta musamman, ka bar shi can, ka yi aiki a kan kwafi. Idan kyamara tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, da shi za ka fara, domin ya fi riƙe bayanin haske da launi. JPEG kuwa matse hoto yake yi ta hanyar zubar da wani abu daga cikinsa, kuma duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa a matsayin JPEG sai ya ƙara yin asara. Idan ta WhatsApp za a turo hoton, ka roƙi mai shi ya turo shi a matsayin fayil, ba ta hanyar da aka saba tura hoto ba, saboda ta wannan hanya manhajar tana rage girmansa. Ka kuma tambaya ko akwai wanda aka ɗauka ba tare da an kunna gyaran fuska na cikin waya ba, domin fatar da waya ta riga ta shafe babu dabarar da za ta dawo da ita.

Mataki na biyu shi ne daidaita haske da launin hoton baki ɗaya, tun kafin a kalli ƙurji ko ɗaya. Dalili shi ne tabon da ba ya fitowa a hoto mai duhu yana bayyana sarai da zarar an ƙara haske, wanda kuma ya yi gyara kafin ya haska zai ga facin da ya yi ya fito fili daga baya. Hotunan biki da aka ɗauka ƙarƙashin rumfa mai launi sukan zo da ja ko shuɗi a kan fata. Farar riga, ko rawani, ko farin bango da ke cikin hoton shi ne ma'aunin da za ka dawo da launi daidai da shi. A nan ne kuma ake fara kuskuren da ya fi yawa a shagunanmu, wato haska fata har baƙin mutum ya koma fari, alhali wuyansa da hannayensa suna nan suna ba da shaida. Launin da aka kawo maka shi za ka mayar.

Mataki na uku shi ne buɗe sabuwar leya marar komai ta hanyar danna Ctrl da Shift da N tare, ka raɗa mata suna "kuraje". Leya kamar farin gilashi ce da aka ɗora a kan hoto: duk abin da ka yi a kanta yake zama, hoton na ƙasa bai san ana yi ba, idan ka yi kuskure kuma sai ka goge wurin kawai. Nan take ka adana aikin a matsayin PSD, wato fayil ɗin Photoshop mai riƙe leyoyi, ko XCF idan GIMP ce, ka kuma saba wa yatsunka da danna Ctrl da S bayan kowane ɗan lokaci, domin wuta ba ta sallama idan za ta tafi.

Sannan ka zuƙo hoton da Ctrl da 1, wanda ke nuna shi a ainihin girmansa. Wannan ya isa ga yawancin aiki, kuma ban cika wuce ninki biyunsa ba, saboda wanda ya zuƙo hoto har fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton, suka zama kamar bulo zai ɓata awa guda yana gyara abin da babu idon da zai gani. Riƙe dogon maɓallin tazara yana ba ka damar jan hoton da maus, Ctrl da 0 kuma yana dawo da shi cikakke a allo.

Burushi biyu, hatimi da faci

Danna J ka sami burushin warkarwa mai dannawa ɗaya, wanda alamarsa filastar ciwo ce da ɗan da'ira a gefenta. A layin da ke saman allo ka zaɓi nau'in da ke nazarin kewaye, ka kuma sa alama a akwatin da ke ba shi izinin ɗebowa daga dukkan leyoyi. Idan ka manta wannan, za ka yi ta dannawa a kan leyar da babu komai cikinta ba ka ga wani canji ba. Maɓallai biyu masu alamar baka mai kusurwa, waɗanda ke dama da harafin P, su ne ke rage girman burushi da ƙara shi. Ka sa shi ya ɗara ƙurjin kaɗan, yadda zai rufe shi har da ɗan jan da ke kewaye, sannan ka danna sau ɗaya ka ɗaga hannu. Kada ka ja shi kamar mai fenti. Idan abin da ya fito bai yi ba, Ctrl da Z, ka canza girman burushi kaɗan ka sake, domin kowane dannawa sabon lissafi manhajar ke yi. Ka fara daga goshi ka gangaro hanci, da kumatu, da haɓa, da wuya, don kada ka tsallake wani wuri.

Wannan burushi da kansa yake zaɓen inda zai ɗebo fata, kuma wani lokaci zaɓen nasa ba shi da kyau. A nan ne yayansa, wato burushin warkarwa na asali, ke shigowa, wanda ake samu ta riƙe Shift ana danna J har alamar filasta zalla ta bayyana. Da shi kai ne mai zaɓe: ka riƙe Alt ka danna kan lafiyayyar fata, ka saki, sannan ka danna kan tabon. A GIMP harafinsa H ne, kuma Ctrl ake riƙewa a madadin Alt. A saman allo akwai jerin zaɓi uku na inda zai ɗebo. Ka ɗauki na tsakiya, wanda ke nufin wannan leya da waɗanda ke ƙasanta.

Yana da kyau a fahimci abin da wannan burushi ke yi, domin fahimtarsa ce ke raba mai gyara da mai dannawa kawai. Fata tana da abu biyu: launi da haskenta a gefe guda, da kuma saƙarta a ɗaya gefen, wato ƙofofin gashi da ƙananan layukan da ke sa ta zama fata, kamar yadda shadda ke da rini da kuma saƙar zare. Burushin warkarwa saƙa kawai yake ɗaukowa daga inda ka nuna masa, launi da haske kuwa daga kewayen tabon yake aro su. Don haka abin da za ka lura da shi wajen zaɓen wurin ɗiba shi ne kamannin saƙa. Fatar goshi ba irin ta kumatu ba ce, ta hanci tana da manyan ƙofofi, ta ƙarƙashin ido kuma siririya ce mai laushi, wanda ya ɗebo daga kumatu ya liƙa a ƙarƙashin ido ya yi wa yadin leshi faci da atamfa. Ka ɗebo daga kusa, daga wurin da kyamara ta kama da kaifi iri ɗaya, kuma ka riƙa canza wurin ɗiba bayan dannawa biyu ko uku, in ba haka ba ɗigo ɗaya zai maimaitu a jere, ido kuwa yana saurin kama abin da ya maimaitu.

Wannan aron launi daga kewaye shi ne kuma raunin burushin. Idan ƙurji yana dab da gira, ko gefen leɓe, ko bakin hijabi, ko layin gemu, burushin zai jawo duhun wurin ya shafa a kan fata kamar kwallin da hawaye ya bi. Magani biyu ne. Na farko, ka danna L ka zagaye wurin da za ka gyara, ka bar girar ko hijabin a waje, sannan ka yi aiki cikin da'irar, idan ka gama Ctrl da D ya cire ta. Na biyu shi ne hatimi, wanda harafinsa S ne, a GIMP kuma C. Hatimi ba ya lissafin komai, abin da ka nuna masa da Alt shi yake kwafowa yadda yake, launi da saƙa duka, shi ya sa ya dace da gefuna, da zanen lalle, da aikin wuyan riga, da duk inda akwai layin da ake so ya ci gaba a miƙe. Ka tausasa bakinsa, ka ɗora tsakiyarsa daidai kan layin lokacin ɗiba da lokacin liƙawa, idan kuma a kan fata ne ka rage ƙarfinsa zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari ta danna 2 ko 3 a kibod. Sai dai a yi hattara, domin hatimi mai rauni da aka maimaita sau da yawa a wuri ɗaya yana kashe saƙa, wurin ya zama sumul kamar an goga masa dutsen guga.

Kayan aikin faci, wanda ke cikin gidan J shi ma, na wuri mai faɗi ne, kamar dogon ƙarce ko tabon miya a gaban farar riga: a zagaye wurin, a ja shi zuwa inda ke da tsabta, a saki. Ga duhun ƙarƙashin ido, ka yi gyaran a kan leyarsa ta daban, sannan ka rage ƙarfin leyar zuwa wajen rabi, yadda inuwar za ta dawo kaɗan. Idon da ba shi da inuwa ko kaɗan a ƙarƙashinsa kamar liƙa shi aka yi a fuska.

Ƙyalli, baƙin tabo da hodar da ta saɓa

A garin da zafi ke kai inda yake kaiwa a watan Afrilu, ƙyallin zufa da maiƙo a goshi da karan hanci ya fi kuraje yawa a hotunanmu, musamman idan an haska filasha kai tsaye. Ka buɗe sabuwar leya, ka danna B don burushin fenti, ka tausasa bakinsa, ka riƙe Alt ka ɗebo launin fata daga gefen ƙyallin, ka sa ƙarfinsa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ka riƙa shafawa a hankali. A saman akwatin leyoyi akwai jerin yanayin haɗuwa, wato yadda leya ke gauraya da abin da ke ƙasanta. Ka zaɓi na farko a rukunin masu duhuntawa, wanda ba ya taɓa komai sai abin da ya fi fentin haske. Rage ƙyallin za ka yi, ka bar saura, domin wannan haske shi ke nuna tudun goshi da tsayin hanci, kuma baƙar fata da aka kashe wa ƙyalli baki ɗaya toka-toka take komawa.

Baƙin tabon da kuraje suka bari kuwa, sau da yawa saƙar wurin lafiya lau take, duhu ne kawai ya yi yawa, don haka babu dalilin sauya ta da wata. Abin da ya dace da shi shi ne haskawa da duhuntawa, aikin da masu wanke hoto suka gada tun zamanin ɗakin duhu. Ka buɗe leya marar komai, ka sa yanayinta a Sof Layit, ka danna D don launukanka su koma baƙi da fari, X kuma yana musanya su. Ka rage kwararar burushi, wato yawan fentin da yake zubarwa, zuwa kashi 1 ko 2 cikin ɗari, ka shafa fari a kan ɗigon da ya yi duhu, baƙi a kan wanda ya yi haske, da ƙaramin burushi, kaɗan-kaɗan, har wurin ya saje da maƙwabtansa. Aiki ne mai cin lokaci, fuska ɗaya tana iya ɗaukar rabin awa, shi ya sa ba na yin sa a hoton da za a wanke ƙarami. Amma ga hoton amarya da za a rataye a falo, babu dabarar da ta kai shi barin fata a matsayin fata. Idan tabon yana wuyar gani, ka ɗora leyar ƙara haske ta wucin gadi a can sama don ta fito da shi, ka tuna ka rufe ta kafin ka koma ga burushi mai dannawa ɗaya, domin shi duk abin da ke bayyane yake ɗiba, har da wannan ƙarin haske.

Idan kuma launi ne ya saɓa, kamar inda hodar amarya ta fi wuyanta haske, ko inda wurin da ka haska ya yi fari-fari, sai ka buɗe wata leya ka sa yanayinta a Kala, ka ɗebo launi daga fata mai kyau, ka shafa da ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. Wannan leya launi kawai take canzawa, ba ta taɓa haske ko saƙa.

Raba launi da saƙa

Akwai dabarar da ta yi suna a wajen masu gyaran hoton biki, wadda ke raba hoto gida biyu, launi a leya ɗaya, saƙa a ɗaya. Ka danna Ctrl da Alt da Shift da E don haɗa duk aikinka a sabuwar leya, ka kwafe ta da Ctrl da J, ka kira ta ƙasa "launi", ta sama "saƙa". Ka rufe ta sama, ka zaɓi ta ƙasa, ka shiga Filta ka ba ta dishi-dishin Gosiyan, kana ƙara lambar a hankali har ƙofofin gashi su ɓace amma siffar hanci da leɓe tana nan. A hoton da fuska ta cika shi lambar takan faɗa tsakanin 6 da 10, a ƙaramar fuska kuma 3 ko 4. Sannan ka buɗe ta sama ka zaɓe ta, ka shiga menu na uku daga hagu ka ɗauki Afilai Imej, ka nuna masa leyar "launi", ka zaɓi yanayin ɗebewa, wato Sabtirak, ka rubuta 2 a akwatin farko, 128 a na biyu. Leyar za ta koma ruwan toka da ɗan zanen fuska. Ka sa yanayinta a Liniya Layit, hoton zai dawo daidai yadda yake. Waɗannan lambobi na hoto mai bit 8 ne, bit kuwa ma'aunin zurfin launin hoto ne. Mai bit 16 yanayin tarawa ake zaɓa masa, a sa alama a akwatin juyawa, a rubuta 2 da 0. A GIMP, tun fitowar 2.10, akwai filtar Webilet da ke yin wannan rabo da kanta.

Daga nan sai ka gyara saƙa da hatimi a leyar sama, ka umarce shi ya ɗebo daga wannan leya kaɗai, launi kuma ka daidaita shi a sabuwar leya tsakanin biyun da burushi mai rauni. A ganina wannan dabara ta ɓata hotuna fiye da yadda ta gyara, ba don laifinta ba, sai don yawancin masu amfani da ita zagaye kumatu suke yi su narkar da launinsa baki ɗaya, inuwar da ke ba fuska siffa ta tafi, kowace amarya ta fito da fuska iri ɗaya. Ina ɗauko ta ne kawai idan akwai matsalar da sauran kayan suka kasa, kamar gashin da ya gitta kan kumatu mai inuwa, ko tattarar mayafi.

Ɗigon da ba na fuska ba, da gyara a waya

Wanda ya ɗauki Hawan Bariki a Katsina ko Hawan Magajiya a Daura, yana canza gilashin kyamara cikin ƙurar dawakai, zai tarar da wasu ɗigo masu duhu a sararin sama, a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Ƙura ce ta zauna a kan sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da ke kama hoto, kuma ta fi fitowa idan an tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, kamar lokacin ɗaukar Hasumiyar Gobarau da rana tsaka. Burushi mai dannawa ɗaya yana cire su nan take. Idan hotunan suna da yawa, Lightroom, wata manhajar gyaran hoto ta Adobe, ta fi sauri: Q yana buɗe kayan cire ɗigo, A yana juya hoton baƙi da fari don ɗigon su fito, sannan a kwafa gyaran zuwa sauran hotunan, a bi su ɗaya bayan ɗaya a tabbatar bai faɗa kan fuskar wani ko kan rawani ba. Sensar kuma a hure ta da ɗan famfon roba da aka yi don haka, ba da baki ba.

Mai aiki da waya yana iya amfani da Snapseed ta Google, wadda kyauta ce kuma tana da kayan warkarwa. Girman burushinta yana bin yadda aka zuƙo hoto, don haka sai a buɗa shi da yatsu biyu sosai kafin a taɓa ƙurjin, a taɓa sau ɗaya, a kuma adana kwafi don asalin ya tsira. Hoton da za a kai wa hukuma kuwa, na biza ko na rajistar jarrabawa, ban da ƙurar sensa ba a cire masa komai, tun da alamomin fuska su ne amfaninsa.

Dubawa da fitarwa

Idan ka ga kamar ka gama, ka dawo da hoton cikakke a allo, ka riƙe Alt ka danna alamar ido ta leyar ƙasa, wanda zai ɓoye duk gyaran ya nuna asali, ka sake dannawa gyaran ya dawo. Ka yi haka sau da yawa kana kallon fuskar gaba ɗaya. Abin da ya kamata ka gani shi ne ƙananan abubuwa suna ɓacewa suna dawowa. Idan siffar kumatu ce ke motsi, ko launin mutum ke canzawa, ka wuce gona da iri, sai ka rage ƙarfin leyar da ta jawo haka zuwa kashi 70 ko 60 cikin ɗari. Ka tashi ka bar allon na minti biyar, domin idon da ya daɗe a kan fuska ɗaya yana sabawa da kuskurensa, sannan ka tura hoton wayarka ka duba shi a can, tun da a waya yawancin mutane za su gan shi.

Wajen fitarwa, ka yi JPEG mai inganci sosai a tsarin launi na sRGB, wanda wayoyi da yawancin injinan wanki suka fi ganewa. Wanki mai kyau yana son fiksel 300 a kowane inci, ke nan hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar fiksel 1200 da 1800, mai inci 8 da 10 kuma 2400 da 3000. Idan babban firam za a yi, ka fara wanke ɓangaren fuskar a ƙaramar takarda ka duba shi a hasken rana kafin ka biya kuɗin babban. Fayil ɗin PSD mai leyoyi kuma ka ajiye shi tare da asalin hoton a folda mai sunan mai aikin da kwanan wata, ka kwafe ta a wani faifai na daban, domin yakan faru bayan wata biyu uwar amarya ta aiko a dawo da tawadar Allah da 'yarta ta sa aka cire daga gefen hancinta, kuma idan leyar tana nan, goge wannan wuri ɗaya da abin gogewa, mai harafin E, shi ne dukkan aikin.